Sharlu Mai Kasada, Diyuk na Burgandi (1433–1477): Nazari a Kan Rayuwarsa da Mulkinsa

Gabatarwa

A cikin manyan masu sarauta na Turai a ƙarni na 15, da wuya a sami wanda ya gaji dukiya irin wadda Sharlu, Diyuk na Burgandi, ya gada, da wuya kuma a sami wanda gidansa ya rushe da sauri kamar nasa. Ya hau gadon ubansa a 1467, ya mutu a fagen fama a farkon 1477, kafin watan ya ƙare kuwa har an fara yagar ƙasarsa. Faransawa suna yi masa laƙabi da wata kalma mai ma'anar "Mai Kasada" ko "Mai Ganganci", galibin masu ba da labarinsa kuma a kan wannan laƙabi suke rataye kome, wai zafin rai ne ya kashe shi. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa daki-daki domin a ga cewa zafin rai rabin magana ne kawai. Sauran rabin yana cikin irin ƙasar da ya gada, wadda take gida biyu, a ƙarƙashin iyayengiji biyu, ba ta kuma da suna ɗaya.

Kafin a shiga labari ya kamata a fayyace kalmar "Diyuk". Sarauta ce ta mai babbar ƙasa wanda yake yanka, yake karɓar haraji, yake tara mayaƙa, amma duk da haka yana da wani sarki a bisansa wanda yake yi wa caffa. Sunan mai wannan tarihi kuwa, a littattafan Turawa ana rubuta shi Charles, a nan an bi lafazin Faransanci ne aka mai da shi Sharlu.

Asalin Gidan Burgandi

Burgandi ta asali wani yanki ne a gabashin Faransa, babban garinta Dijon, ƙasa ce ta noma da gonakin inabi. A 1363 Sarkin Faransa ya ba da ita ga ƙaramin ɗansa Filib, wanda ake kira Filib Jarumi. Shi kuma a 1369 ya auri 'yar mai sarautar Flanders, da surukinsa ya rasu a 1384 sai wannan ƙasa ta faɗo hannunsa. Flanders tana can arewa a bakin teku, inda ake kira Beljiyam a yau, ƙasa ce ta masaƙa da fatake, biranenta irin su Ghent da Bruges da Ypres suna cikin mafi arziki a Turai duka. Tun daga ran nan gidan Burgandi ya zama mai ƙafa biyu, ɗaya a kudu inda sunan yake, ɗaya a arewa inda kuɗin suke.

Ɗan Filib Jarumi, watau Yahaya Marar Tsoro, shi ne ya sa aka kashe ƙanen Sarkin Faransa a titin Faris a 1407, shi ma aka kashe shi a kan gadar Montereau a 1419, a gaban yariman Faransa. Saboda wannan jini ɗansa Filib Nagari ya koma bayan Ingila a yaƙin da take yi da Faransa. Mutanensa ne suka kama yarinyar nan Jan ta Ark a 1430 aka sayar wa Ingilishi. A 1435 ya shirya da Faransa a garin Arras, aka ba shi garuruwan bakin kogin Somme, irin su Amiens da Abbeville da Saint-Quentin, bisa sharaɗin Sarki yana iya fansarsu da kuɗi. Ta hanyar gado da saye da matsin lamba kuma ya tattara Namur da Brabant da Hainaut da Holan da Zeeland da Luxembourg.

A nan ne matsalar take. Tsakanin ƙasashen arewa da na kudu akwai Champagne, wadda take ta Sarkin Faransa, da Lorraine, wadda take da nata Diyuk. In mai Burgandi zai tashi daga Brussels zuwa Dijon, tilas ya ratsa ƙasar wani. Har ila yau, a kan Burgandi ta asali da Flanders da Artois shi bara ne na Sarkin Faransa, a kan Brabant da Holan da Luxembourg kuwa bara ne na Sarkin Sarakunan Jamus. Kowane lardi yana da majalisarsa da al'adunsa da takardun 'yanci da sarakunan da suka gabata suka ba shi. Mutumin Ghent bai ɗauki kansa ɗan ƙasa ɗaya da mutumin Dijon ba. Abin da ya haɗa su kawai shi ne ubangidansu ɗaya ne.

Ƙuruciyarsa da Gabarsa da Luwi

An haifi Sharlu a Dijon ran 10 ga Nuwamba 1433. Uwarsa Isabela 'yar Sarkin Fotugal ce, a cikin 'ya'yanta maza uku kuwa shi kaɗai ya rayu. Halinsa ya yi hannun riga da na ubansa. Filib Nagari mutum ne mai son biki da mata, ya bar 'ya'yan gaba da fatiha da yawa. Sharlu kuwa ba a san shi da ɗa ko ɗaya a waje ba, ba ya yawan shan giya, yana son kiɗa da dara irin ta Turawa, da dare kuma yakan sa a karanta masa labarin Iskandar da Kaisar da sauran mazan jiya. Aiki ne abincinsa, har wasu na kusa da shi suna kiransa "Mai Aiki". Wancan laƙabi na kasada bai kama shi ba sai bayan ransa.

A 1456 yariman Faransa, Luwi, ya ɓata da ubansa ya gudo Burgandi, Filib ya saukar da shi a Genappe ya ciyar da shi shekara biyar. A 1461 ya zama Sarki Luwi na 11. Bai daɗe a kan gado ba, a 1463, ya tara tsabar zinariya 400,000 ya fanshi garuruwan Somme daga hannun tsoho Filib, da taimakon wasu manyan fadawan Burgandi 'yan gidan Croy waɗanda ya saye. Wannan abu ya ƙona wa Sharlu rai ƙwarai, domin garuruwan nan su ne garkuwar Artois da Flanders. Ya yi ta fama har ya kori 'yan Croy daga fada a 1465, ya riƙe ragamar mulki ubansa yana da rai.

A wannan shekara ya haɗa kai da sauran manyan Faransa suka yi wa Sarki tawaye, suna cewa domin amfanin jama'a suke yi. An kara a Montlhéry, kudu da Faris, ran 16 ga Yuli 1465. Ba wanda ya ci wani a fili, sashen kowace runduna ya gudu, amma Luwi ya janye cikin dare, Sharlu ya kwana a fagen da rauni a maƙogwaro, saboda haka ya ɗauka nasara ce. A sulhun da aka yi a Conflans aka mayar masa da garuruwan Somme. Filib de Commynes, wanda ya yi masa barantaka kafin ya koma wajen Luwi a 1472, ya nuna a littafinsa cewa tun daga wannan rana Sharlu ya rage jin shawarar kowa. Sai dai a riƙa tunawa, mai wannan shaida mutum ne da ya sauya ubangida, yana kuwa da bukatar ya wanke kansa.

Shi Luwi, abokan gabansa sun yi masa laƙabi da gizo-gizo mai saƙa ko'ina. Mai karatun Hausa ba ya bukatar a yi masa bayanin halin Gizo. Ba ya son yaƙi in kuɗi za su biya bukata, yakan sa tufafi marasa kyan gani, yakan yi alkawari da safe ya warware da yamma.

Diyuk da Birane

Abokan gaban da suka fi ba Sharlu wahala a farkon mulkinsa birane ne. Ƙasar Liège tana tsakiyar ƙasashensa na arewa, bishof ne yake mulkinta, bishof ɗin kuwa ɗan'uwan gidan Burgandi ne wanda talakawansa ba su so. Mutanen Dinant, wani gari na maƙeran tagulla a cikin wannan ƙasa, suka rataye mutum-mutumin Sharlu, suka riƙa cewa ba ɗan ubansa ba ne. A watan Agusta 1466 ya zo da igwa ya fasa ganuwarsu, aka washe garin aka ƙone shi, aka ɗaure mutane biyu-biyu aka jefa a kogin Meuse. An ce sun kai 800. Tsoho Filib, wanda ba ya iya hawan doki a lokacin, ɗauko shi aka yi ya zo ya gani da idonsa.

Filib ya rasu a Bruges ran 15 ga Yuni 1467. Da sabon Diyuk ya shiga Ghent domin a yi masa mubaya'a, sai talakawa suka tashi suka tilasta masa soke wani haraji. Ya haɗiye, bai manta ba. A watan Janairu 1469 ya sa wakilan garin suka zo Brussels suka jira a waje cikin ƙanƙara, sa'an nan aka shigo da su suka durƙusa, aka yayyaga takardar 'yancinsu a gabansu.

A tsakanin nan ne aka yi abin da ya fi kome shahara a cikin gabarsa da Luwi. A watan Yuli 1468 Sharlu ya auri Margaret, ƙanwar Sarkin Ingila Edwad na 4. Ita ce matarsa ta uku. Ta farko ta rasu tana yarinya, ta biyu, Isabela ta gidan Bourbon, ita ce ta haifa masa 'yarsa tilo Mariya a 1457, ta rasu a 1465. Luwi ya tsorata da wannan surukuta da Ingila, ya kuma yarda da ƙarfin bakinsa, sai ya nemi takardar aminci ya tafi Péronne da 'yan mutane kaɗan a watan Oktoba 1468 domin ya shawo kan Sharlu. Ana cikin magana sai labari ya zo cewa mutanen Liège sun sake tayarwa, an kuma ga manzannin Sarki a cikinsu. Sharlu ya sa aka rufe ƙofofin gari. Sarkin Faransa ya wayi gari a hannun baransa, a cikin ganuwar da wani Sarkin Faransa na dā ya mutu a tsare a 929. Kwana da kwanaki Sharlu yana safa da marwa a ɗakinsa, bai san ko ya kashe ko ya saki ba. Daga ƙarshe ya saki, bayan Luwi ya sa hannu a kan duk abin da aka nema, ya kuma yarda ya raka shi zuwa Liège. Ran 30 ga Oktoba aka shiga garin, bayan wasu mazaje kimanin 600 daga Franchimont sun kai farmakin dare a kan masaukin Diyuk da Sarki, saura ƙiris su yi nasara. Aka yi makonni ana ƙona Liège, sai majami'u da gidajen limamansu aka bari.

Ga wanda ya duba da idon ranar, Péronne nasara ce babba. Amma takarda ce da aka sa wa hannu da wuƙa a wuya, a ƙarshen 1470 Luwi ya tara majalisa a Tours ta soke ta, a farkon 1471 ya ƙwace Amiens da Saint-Quentin. Abin da ya wanzu shi ne labarin Dinant da Liège, wanda ya bazu har biranen bakin kogin Rhine da na Suwizalan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Neman Kambi

Daga 1469 zuwa 1473 aka ga inda Sharlu ya dosa sarai. Yana so ya ɗinke arewa da kudu, ya fita daga ƙarƙashin Faransa, ya kuma sami sunan da zai rufe ƙasashen duka, watau ya zama Sarki. A 1469 Sigismund na Ostiriya, wanda bashi da tsoron Suwisawa suka dama, ya jinginar masa da kudancin Alsace da garin Breisach a kan fulorin 50,000. A 1471 ya shelanta cewa ƙasashensa sun fita daga biyayyar Sarkin Faransa. A 1473 ya ci Guelders, ya kuma sami izinin ratsa Lorraine da mayaƙansa.

Cikin gida ma bai zauna ba. Yakan zauna da kansa sau uku a mako ya saurari ƙarar talakawa, yana tilasta wa manyan fada su halarta ko suna so ko ba su so. A watan Disamba 1473 ya kafa babbar kotu a Mechelen domin duk ƙasashen arewa, don kada a ƙara ɗaukaka ƙara zuwa Faris, ya kuma tattara ofisoshin lissafin kuɗi a gari guda. Daga 1471 ya kafa runduna ta dindindin mai albashi, aka kasa ta ƙungiya-ƙungiya, kowace tana da barade masu sulke da 'yan baka da masu bindiga da masu dogayen masu, da tuta da lamba, da dokar rawar daji a rubuce. Ya ɗauko sojan haya daga Italiya da 'yan baka daga Ingila, igwoginsa kuwa suna cikin mafi yawa a Turai. Duk wannan kuɗi yake ci. A 1473 majalisar wakilan lardunan arewa ta yarda ta ba shi zinariya 500,000 kowace shekara har shekara shida, abin da ubansa bai taɓa samun kwatankwacinsa ba. Watau dai biranen da yake takawa su ne suke biyan kuɗin takalmin.

Saura suna. Wanda yake da ikon ba da sarautar Sarki shi ne Sarkin Sarakunan Jamus, Firedirik na 3 na gidan Habsburg, mutum mai babban suna da ƙaramar taska. Abin da Sharlu yake da shi na musaya kuwa shi ne Mariya, magajiyar dukiyar nan duka, wadda ya daɗe yana nuna wa manema daban-daban, har da ƙanen Luwi, ba tare da ya ba kowa ba. Suka haɗu a Trier a ƙarshen Satumba 1473, aka yi kusan wata biyu ana ciniki, a ba Sharlu sarauta, a ba Maksimiliyan ɗan Firedirik Mariya. Sharlu ya zo da ado da kayan zinariya da suka sa Jamusawa suka zama kamar barorinsa, abin kuwa bai yi musu daɗi ba. An shirya kambi da sandan sarauta, an gyara majami'a domin naɗi. Ran 25 ga Nuwamba da asuba Firedirik ya shiga jirgin ruwa ya gangara kogin Moselle, bai yi sallama ba. Manyan Jamus masu zaɓen Sarkin Sarakuna ba su amince a yanki ƙasar daula a ba baƙo ba, shi kuma Firedirik ba shi da ƙarfin da zai ƙetare su.

Daga wannan rana hanya ɗaya ta rage wa Sharlu, ita ce ta ƙarfi.

Daga Neuss Zuwa Nancy

Wakilin da ya naɗa a Alsace, Bitrus na Hagenbach, mutum ne mai tsanani, ya ɗora haraji a kan giya, ya riƙa tsokanar biranen maƙwabta irin su Basel da Strasbourg da Mulhouse. A 1474 waɗannan birane suka haɗa kai da Sigismund da Suwisawa, waɗanda suka ajiye tsohuwar gabarsu da gidan Habsburg saboda wannan. Biranen suka tara kuɗin fansar jingina, Sharlu ya ƙi karɓa. Mutanen Breisach suka kama Hagenbach, aka tara alƙalai daga garuruwa da dama suka yi masa shari'a a kan kisa da fyaɗe da keta alkawari. Ya ce umurnin ubangidansa ya bi, ba a karɓa ba, aka fille masa kai ran 9 ga Mayu 1474. Har yanzu masana shari'ar yaƙi suna ambaton wannan zama.

Maimakon ya nufi Alsace, sai Sharlu ya tsoma baki a rigimar bishof na Cologne da talakawansa, ya kewaye wani ƙaramin gari mai suna Neuss a ƙarshen Yuli 1474. Ya zaci aikin makonni ne. Ya yi wata goma sha ɗaya a bakin ganuwa, mutanen gari suna cin dawakinsu, ba su buɗe ƙofa ba. Hasarar da ta fi ita ce ta lokaci. Ya riga ya ƙulla da surukinsa Edwad cewa za su auka wa Faransa tare a 1475. Edwad ya sauka Calais da babbar runduna a watan Yuli, Sharlu ya zo masa da 'yan rakiya kawai. Luwi ya ga ƙofa, ya sayi Edwad a Picquigny ran 29 ga Agusta da zinariya 75,000 a hannu da 50,000 kowace shekara, Ingilishi suka sha giyar Sarki a Amiens suka koma gida.

Duk da haka ƙarshen 1475 ya yi wa Sharlu kyau. Ya yi sulhun shekara tara da Luwi, ya shirya da Firedirik, ya ci Lorraine daga hannun saurayin Diyuk ɗinta Rene na 2, ya shiga Nancy ran 30 ga Nuwamba. A karo na farko mai Burgandi yana iya tafiya daga bakin tekun Holan zuwa Dijon bai taka ƙasar kowa ba. Abin da kakanninsa uku ba su samu ba ya samu, ya kuwa riƙe shi kimanin wata goma.

Masu cewa ganganci ne ya kai shi Suwizalan sukan manta cewa mutanen Bern ne suka fara. Tun Oktoba 1474 Suwisawa suka shelanta yaƙi, suka ci mutanensa a Héricourt, suka yi ta kai hari a ƙasarsa ta kudu, suka mamaye Vaud, ƙasar abokansa 'yan gidan Savoy, wadda ta nan sojan hayarsa suke biyowa daga Italiya. Luwi yana ba su kuɗi, gaskiya ne, amma masanin tarihi Richard Vaughan, a littafinsa na 1973, ya nuna cewa an cika ba Luwi yabon da ba nasa ba, biranen suna da nasu dalili. Zuwan Sharlu yana da hujja. Yadda ya yi yaƙin ne abin zargi.

A watan Fabrairu 1476 ya kewaye Grandson, masu tsaron garin su 412 suka ba da kai, ya sa aka rataye wasu a itatuwa aka nutsar da sauran a tafki. Ran 2 ga Maris rundunar Suwisawa ta ɓullo. Su mutanen ƙasa ne, sukan tsaya a dunƙule, sahu bayan sahu, da masu waɗanda tsawonsu ya fi na mutum biyu, doki ba ya iya shiga. Sharlu ya umarci tsakiyar rundunarsa ta ja baya kaɗan domin a jawo su bakin igwa. Na baya suka ga ana ja da baya, a daidai lokacin kuma wata rundunar Suwisawa ta fito daga daji tana busa ƙaho, sai kowa ya ranta a na kare. Mutane kaɗan suka mutu, amma an bar sansani da duk abin da yake ciki: igwogi, da tantuna, da kwanonin azurfa, da lu'ulu'u, da hatimin Diyuk. An ce wasu manoma sun sayar da azurfa a kan kuɗin kuza domin ba su san ta ba. Wasu daga cikin dardumansa na bango suna gidan tarihi na Bern har yau.

Cikin wata uku ya sake tara runduna a Lausanne, yana fama da ciwo. Ya aika wa majalisar wakilan arewa a Ghent yana neman ƙarin mutane da kuɗi, suka ƙi. A watan Yuni ya kewaye Murten a kan hanyar Bern. Ran 22 ga wata ya tsai da mayaƙansa cikin ruwan sama tun safe, da bai ga kowa ba sai ya bar kaɗan a bakin shinge ya sallami sauran, aka shiga cin abinci da biyan albashi. A lokacin Suwisawa suka fito daga kurmi. Wannan karon suna da mahaya, ga tafki a bayan 'yan Burgandi, ga kuma Grandson a zukatansu, ba su kama kowa da rai ba. Dubbai suka hallaka, wasu sun kai ƙiyasin 10,000. Aka tara ƙasusuwan a wani ɗaki da ya tsaya har 1798.

Da Lorraine ta ji, sai ta tashi, Rene ya karɓe Nancy a watan Oktoba. A nan fadawa suka ba Sharlu shawara ya janye Luxembourg ya huta har sanyi ya wuce. Ya ƙi, domin in ya bar Nancy ɗinkin ya warware. Ya kafa sansani a bakin garin cikin hunturu, mutanensa suna mutuwa da sanyi suna gudu. Shugaban sojan hayarsa na Italiya, Campobasso, ya sulale da mutanensa ya koma wajen Rene ana sauran kwanaki kaɗan. Ran 5 ga Janairu 1477, ƙanƙara tana zuba, Rene ya iso da Suwisawa da mutanen Alsace, sun ninka na Sharlu fiye da sau biyu. Suka zaga ta cikin daji suka faɗo wa gefensa inda igwa ba ta duba. Masu gudu kuwa suka tarar Campobasso ya tare gada.

Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa a bakin wani tafki, tsirara, an tsaga kan da barandami, sanyi da namun daji sun ɓata fuskar. Likitansa da barorinsa ne suka gane shi, ta dogayen faratansa, da haƙoran da ya rasa, da tabon nan na maƙogwaro da ya samu a Montlhéry. Yana da shekara 43.

Rabon Gado

Mariya tana da shekara 19. Luwi ya aika da runduna ta kama Burgandi ta asali da Picardy da Artois, yana cewa ƙasar da aka ba ɗan sarki in babu ɗa namiji sai ta koma wa Sarki. Lardunan arewa ba su bi Faransa ba, amma sun karɓi ladansu. Ran 11 ga Fabrairu 1477 suka sa Mariya ta sa hannu a kan wata babbar takardar 'yanci wadda ta soke kotun Mechelen, ta kuma hana shiga yaƙi sai da yardar wakilansu. Ran 3 ga Afrilu mutanen Ghent suka fille kan wazirin ubanta, Hugonet, da wani babban bafadensa, Humbercourt, ko da yake ta je da kanta ta roƙa a bar su. Mutanen Liège kuma aka mayar musu da ginshiƙin tsakiyar kasuwarsu, alamar 'yancinsu, wanda Sharlu ya tumɓuke ya kai Bruges.

A watan Agusta na wannan shekara Mariya ta auri Maksimiliyan, watau cinikin Trier ya faɗa, sai dai babu kambi a ciki. Ta rasu a 1482 bayan ta faɗo daga doki a wurin farauta, ta bar ɗa da 'ya. Ta wannan ɗa ƙasashen arewa suka shiga gidan Habsburg, gabar Burgandi da Faransa kuma ta zama gabar Habsburg da Faransa, wadda aka yi ta zub da jini a kanta fiye da shekara 250. Jikan Mariya, Sarkin Sarakuna Sharlu na 5, wanda aka haifa a Ghent a 1500 aka kuma sa masa sunan kakan ubansa, shi ne ya sa aka tono ƙasusuwan Diyuk daga Nancy a 1550. Yanzu kabarinsa yana cikin majami'ar Maryamu a Bruges, gefen na 'yarsa.